Daga Santambul Zuwa Ankara: Turkiyya Da Tambayar "Mu Su Wane Ne?"

A darasin tarihi an koya mana cewa kowace ƙasa moriyarta take bi a hulɗarta da ƙasashen waje. Wannan gaskiya ne, amma kafin ƙasa ta san inda moriyarta take, sai ta fara amsa wata tambaya: mu su wane ne? Duk lokacin da amsar ta sauya, abokai ma sai su sauya. Tarihin Turkiyya ya isa misali, kuma ya shafe mu fiye da yadda ake zato.

Kakanninmu sun san ƙasar da sunan Santambul, wato birnin Istanbul, mazaunin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Shehu Ɗan Fodiyo ba. Tun shekarar 1551 Turkawa suka kama Tarabulus, inda ayarin Sahara ke sauke kaya, kuma a shekarun 1570 Mai Idris Alooma na Borno ya aika da jakadu ga Sarki Murad na Uku. Ayarin da ke tashi daga Kano ya yi arewa ta Damagaram da Agadas, turkuɗi da jan fata yake ɗauka, waɗanda asalinsu audugar manoma ce da awakin karkara irin tamu. Fatake kuma su komo da alharini da jar dara. A wancan zamani sarakunan Santambul na ɗaukar kansu shugabannin Musulmi, masu hidimar Makka da Madina, don haka Afirka ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

A shekarar 1911 aka yi wa wannan zumunci mahangurɓa ta fuska biyu: Italiya ta auka wa Tarabulus, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano, ciniki ya juya kudu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya daular ta wargaje. Mustafa Kamal Ataturk ya kafa jamhuriya a 1923, ya mai da hedikwata Ankara, ya kuma ba da sabuwar amsa: mu Turkawa ne, kuma Turai muka dosa. Ya soke halifanci a 1924, ya hana sanya dara a 1925, ya maye gurbin baƙaƙen Larabci da na boko a 1928. Hular da aka haramta a can, mu a nan ado ce har gobe.

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1949 Turkiyya ta zama ƙasar Musulmi ta farko da ta amince da Isra'ila, a 1952 kuma ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Tsoron Tarayyar Sobiyet na daga cikin dalilai, amma son a ƙidaya ta cikin Turawa ya taka rawa sosai. Shi ya sa lokacin da Aljeriya ke yaƙin neman 'yanci daga Faransa, Turkiyya ta ƙi mara mata baya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai a 1985 Firayim Minista Turgut Ozal ya je Aljeriya ya nemi afuwa.

Rikicin tsibirin Kuburus shi ya fara nuna wa Turkawa iyakar wannan abota. Da suka tura sojoji can a 1974, Amurka ta hana sayar musu da makamai daga 1975 zuwa 1978. A cikin gida kuma, manoma da 'yan kasuwar karkarar Anatoliya, waɗanda ba su taɓa rabuwa da addininsu ba, suna ƙara ƙarfi a akwatin zaɓe. Necmettin Erbakan, wanda ya zama Firayim Minista a 1996, ya ziyarci Nijeriya a shekarar, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar D-8 a Istanbul a 1997, Nijeriya na cikin ƙasashe takwas ɗin. A wannan shekara sojoji, waɗanda ke ganin kansu masu tsaron gadon Ataturk, suka tilasta masa sauka. Ashe rigimar waje ta gida ce.

Jam'iyyar Rajab Tayyib Erdogan ta karɓi mulki a 2002, ta farfaɗo da alfahari da tarihin Usmaniyya. Abin lura shi ne, a 2005 Turkiyya ta fara tattaunawar shiga Tarayyar Turai, kuma a shekarar ce ta ayyana Shekarar Afirka. Tattaunawar ta cije, amma ƙofar Afirka ta buɗe: ofisoshin jakadancinta a nahiyar sun tashi daga 12 a 2002 zuwa sama da 40 cikin shekara ashirin. A 2013 jirgin Turkish Airlines ya fara sauka a Kano, a 2023 kuma aka buɗe tashar TRT Afrika mai sashen Hausa. Duk da haka ba ta fita daga NATO ba, kuma kaya da makamai take sayarwa, ba kyauta take rabawa ba.

Har rikicinta na cikin gida ya iso mu. Bayan yunƙurin juyin mulki na 2016, gwamnatinta ta nemi Nijeriya ta rufe makarantun Turkawa da ta ce suna da alaƙa da Fethullah Gulen, alhali Kano na cikin jihohin da ke da irin waɗannan makarantu. Nijeriya ba ta rufe su ba, amma iyaye da dama sun kwana da zullumi.

Mu ma ba mu tsira daga wannan tambaya ba. Sardauna ya ƙi karɓar taimakon Isra'ila a Jihar Arewa, Janar Gowon ya yanke hulɗa da ita a 1973, Janar Babangida ya maido da ita a 1992, kuma shi ne ya shigar da Nijeriya ƙungiyar OIC a 1986, aka yi ta ka-ce-na-ce. Kowane mataki cikin waɗannan, muhawara ce kan ko mu su wane ne.

Saboda haka, 'yan uwa, mu da yawancinmu 'ya'yan manoma ne, yau kuma cikinmu akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata masu tura 'ya'yansu karatu Istanbul, ya kamata idan baƙo ya zo da zancen tsohon zumunci mu karɓe shi hannu biyu, amma mu bincika wace amsa ce ke mulki a gidansu, domin wadda ta kawo shi yau tana iya mai da shi gobe.