Daga Dusar Shinkafa Zuwa Ƙarfin Jiki: Tarihin Wani Bincike

A nan Shahuci Kasuwar Rimi da Asibitin Murtala maƙwabtan juna ne: can ana awon hatsi, nan ana jinyar marasa lafiya. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi tarihin yadda masana suka gano wata mahaɗa tsakanin abincin da ake awo da cutar da ake jinya, watau wani sinadari da suke kira fairubet.

Idan mutum ya ci tuwo, hanji yakan mayar da shi sukari mai suna gulukos, wanda ke da ƙwayar kabon shida. A cikin tantanin jiki sai a raba shi biyu, kowane rabi da kabon uku. Wannan rabin shi ne fairubet, kuma a mararraba yake tsaye. In babu iskar oksijin, sai ya rikiɗe ya zama tsami irin wanda ke sa madara ta koma nono. A shekarar 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙwayoyin halitta ne ke yin wannan aiki. In kuwa akwai oksijin, sai ya shiga wani ɗaki na tantanin, mitokondiriya, a cire masa kabon ɗaya mu fitar da shi a numfashi, a ƙona sauran biyun. Hanyar farko awo biyu kacal na ƙarfi take bayarwa daga kowane gulukos, ta biyu kuwa wajen talatin.

Abin mamaki, kaji ne suka fara buɗe ƙofar wannan ilmi. A shekarun 1890, a tsibirin Jawa, wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana binciken cutar beriberi, wadda ke shanye ƙafafu ta kumbura zuciya. Sunan cutar daga Asiya ya fito, ba ruwansa da Barebari. Ya lura cewa kajin da aka ciyar da farar shinkafa tas sun shanye, da aka mayar musu da dusarta sai suka miƙe. A 1926, a Jawa ɗin dai, Jansen da Donath suka tsamo abin da ke cikin dusar, watau bitamin B1.

Sauran tambaya ita ce, me bitamin ɗin yake yi a jiki? A shekarun 1930 Rudolph Peters na Jami'ar Okusfod ya nuna cewa ƙwaƙwalwar tantabarar da ta rasa shi ba ta iya ƙona fairubet, sai ya taru. Ashe bitamin ɗin ne mabuɗin hanya ta biyu. Sa'an nan a 1937 Hans Krebs, wanda ya baro Jamus a 1933 saboda zaluncin Hitila, ya bayyana a Shefil ta Ingila zagayen da ƙonawar ke bi. Fritz Lipmann a Amurka ya gano ɗan dakon da ke kai kabon biyun nan cikin zagayen, aka ba su kyautar Nobel tare a 1953.

To, ina ruwan Kano da wannan? Kakanninmu gero da dawa suka rayu a kai, da wake da gyaɗa, dukansu kuwa suna da bitamin B1. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 noman shinkafa ya bunƙasa a yankin Kura, shinkafa ta zama abincin yau da kullum a birni. Matan da ke turara ta da ɓuntunta kafin a casa, watau gumi, suna tsare lafiyar jama'a, domin turarin kan tura bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwaya. Farar shinkafar da ba a turara ba, injin ya goge ta, aka kuma yi ta wankewa, ta rasa mafi yawansa.

Saboda haka, duk ma'aikacin da aka ɗora wa sayen abincin makarantar kwana, ko asibiti, ko gidan yari, inda mutane ba su da zaɓin abin da za su ci, ya kamata ya fifita gumi a kan farar shinkafa, ya kuma haɗa da wake.