Turmi, Guga da Juna Biyu: Wa Ke Ba Mai Ciki Izinin Tsayawa a Damargu?

A damanar 2024 ina hutu a Tanut, gardama ta ɓarke a fadarmu ana cikin shan shayi na biyu. Ana gasar Olamfik a Paris, sai wata ƴar Masar mai wasan takobi, Nada Hafez, ta bayyana bayan ta gama karawa cewa da cikin wata bakwai ta shiga fili. Wani abokinmu ya ce wannan ganganci ne tsagwaronsa, kuma mijinta ma yana da laifi. Wani ya ce ai wannan kaɗan ne, masu tirayatalon ma akwai waɗanda ba su barin atisaye don sun samu ciki. Ni dai na tambaye su abu guda: wa ya daka furar da muka sha da azahar? Matar yayana ce, kuma watanta takwas a lokacin. Ba wanda ya kira wannan ganganci.

Ga wanda bai sani ba, tirayatalon wasa uku ne a haɗe ba hutu tsakaninsu: ninƙaya, tuƙa keke, sannan gudu. A San Diyego ta Amurka aka fara shi yadda yake yanzu, a 1974, ya shiga Olamfik a Sidni a 2000. A ma'aunin Olamfik mita 1,500 ne a ruwa, kilomita 40 a keke, kilomita 10 a ƙafa. Mu da ba mu da tafkin da ke kai rani, ninƙayar ba ta shafe mu ba. Tambayar da ke bayan wasan kuwa tamu ce: wane irin wahalar jiki mai juna biyu za ta iya ɗauka ba tare da ta cutu ko ta cutar da abin da ke cikinta ba?

Turawa sun daɗe suna amsa ta da tsoro. Bayan tseren mita 800 na mata a Amsterdam a 1928, jaridu suka zuzuta gajiyar masu gudun, aka cire tseren daga Olamfik, bai dawo ba sai 1960. Gudun fanfalaki na mata kuwa sai 1984 aka yarda da shi. A 1985 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, ACOG, ta ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti, kada ta yi motsi mai ƙarfi fiye da minti 15. Shekara tara bayan haka, a 1994, suka janye wannan iyaka don ba ta da hujja mai ƙwari. A 2014 Alysia Montaño ta yi tseren mita 800 a gasar ƙasar Amurka da cikin mako 34. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da ba ta da matsala ta riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wadda kuma ta saba da atisaye mai ƙarfi tana iya ci gaba. Minti 150 a mako fa! Macen ƙauye a Damargu takan cika wannan a rana ɗaya, tun rana ba ta take tsaka ba.

Wato su can sun kwashe kusan ƙarni suna neman wa mai ciki izinin motsi. Tarihinmu ya bi ta wata hanya daban.

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauko Damargu tare da ayarin gishirin Kel Owey. A Tagelel ya rabu da James Richardson, wanda ya nufi Zinder. Abin da Barth ya gani ƙasa ce mai cike da rumbuna, wadda ke ciyar da Azbin. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda hatsin Damargu ke haurawa arewa, gishiri da dabino na saukowa kudu. Littattafan tarihi sun fi son raƙuma da madugai. Amma hatsi ba ya hawa raƙumi da zangarniyarsa ya zama tuwo. Sai an yi sussuka, an yi shiƙa, an surfa, an daka. Raƙuman da mutanen ayarin kuma sai sun sha ruwa, a ƙasar da rijiya kan zarce mita 50. Sussuka da daka aikin mata ne, kuma macen da ke haihuwa bi da bi ba ta da shekarun da za ta ware ta ce waɗannan na aiki ne, waɗannan na ciki.

Akwai dai waɗanda suka huta, kada mu yi wa tarihi ƙarya. Matan manyan Abzinawa da na attajirai suna da bayi mata masu riƙe musu taɓarya da igiyar guga. Hutun mai ciki a wancan zamani gata ne, kuma a bayan wata mai cikin aka ɗora shi. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankin da doka a 1905, amma ta kawo aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Namiji in an kwashe shi aikin hanya, gonarsa ba ta jira. Daga baya fari na 1973 da na 1984 suka koya wa maza tafiya bida, Najeriya, Libiya, Aljeriya. Duk lokacin da maza suka ragu a gari, turmi bai ragu ba, sai dai hauya ta ƙaru a kansa.

Ni ɗalibin harshe ne, don haka ku yi mini haƙuri in tsaya a kan kalmomi, nan ne na fi ganin abin. Hausa ta san ciki kaya ne. Mukan ce "ta yi nauyi". In ta haihu mu ce "ta sauka", kafin nan kuma addu'ar ita ce Allah ya sauke ta lafiya, daidai yadda ake sauke wa mutum tulu daga ka. Harshen ya yarda tana ɗauke da kaya, al'ada kuma ta ƙara mata wani a kan gammo. Sannan ga kunya. "Juna biyu" ma kewaye ne, don kada a ambaci cikin kai tsaye. Ƴar fari ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, sai dai a gani. Watannin farko, lokacin da zafin jiki mai tsanani ya fi zama haɗari ga halittar ɗan tayi, su ne watannin da ba wanda ya sani, balle a rage mata aiki. Kuma duba bambancin "motsa jiki" da "aiki". Na farko mutum ke zaɓa ya kuma daina in ya so. Na biyu in ta daina, gida ya kwana da yunwa, a kuma kira ta raguwa.

Na tambayi kakata ko gaskiya ne daka na sauƙaƙa naƙuda, kamar yadda tsofaffi ke faɗa. Ta ce, "Kai yaro, mai kwanciya ai ita ke shan wuya a kan gwiwa." Na ce, "To Kaka, ke kin huta?" Ta yi dariya ta ce sau ɗaya, a goyon ciki. Wannan al'ada ce da ya kamata mu ba ta girmanta: cikin fari in ya kai wata bakwai, a mai da yarinya gidan iyayenta ta haihu can, ta yi wankan jego. Hutun haihuwa ne tun kafin a san takarda. Aibinsa ɗaya, na cikin fari ne kawai. Na biyar da na bakwai, lokacin da jini ya riga ya yi ƙasa, a gidan miji ake yin su, da goyo a baya.

Kaka tana da rabin gaskiya. Motsi yana rage haɗarin ciwon sukari na masu ciki da hawan jini, kwanciya kuma ba magani ba ce. Ragowar rabin yana cikin binciken da aka yi a Gambiya, ƙasar manoma irin tamu. A yankin Keneba an daɗe da lura cewa jariran damina, lokacin da aikin gona ya yi yawa rumbu kuma ya yi ƙasa, sun fi ƙanƙanta. Da aka riƙa ba masu ciki biskit mai gyaɗa kullum, sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna nauyin jariran lokacin yunwa ya ƙaru da kimanin giram 200. A 2022 Ana Bonell da abokan aikinta suka bi manoma 92 masu ciki har gona suna auna su. Kowane ƙarin digiri ɗaya na matsin zafi ya ƙara alamun wahala ga ɗan cikin da kashi 17 cikin 100. Ku tuna bazarar Tanut da Belbeji, inda zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, lokacin da layin rijiya ya fi tsawo.

Abin da ake gaya wa mai tirayatalon ba boyayye ba ne. Ta guji tsananin zafi, ta sha ruwa, ta ci ya ishe ta, ta bar keken titi in ciki ya tsufa don gudun faɗuwa. In ta ga jini, ko ruwa ya zubo, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ko ɗan ya rage motsi, ta tsaya ta nemi likita. In tana da ƙarancin jini mai tsanani, ko hawan jinin ciki, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, atisaye mai ƙarfi ya haramta gare ta. Babu ɗaya cikin waɗannan da bai hau kan mai jan guga ba. Bambancin kawai, waccan an auna ta an san matsayinta, kuma ranar da ta ce ta gaji ba wanda zai rasa abinci.

Doka ta taɓa zuwa kusa. Dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa ta 1952 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, kuma dokar ƙwadagon Nijar ta 2012 ta riƙe wannan adadi. Sai dai mai albashi take nufi. Malamar lakwal a Tanut tana da shi, matar da ke kawo mata itace ba ta da shi. Abin da ya fi kusa da ƙauye shi ne matakin 2005 na yin tiyatar haihuwa kyauta, da na 2006 da ya mai da awon ciki kyauta. Duk da haka binciken ƙasa na 2012 ya samu mata 535 na mutuwa a kowace haihuwa 100,000, mace guda kuma na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma sabon suna a taswira bai rage rairayin da ke tsakanin ruga da likita ba. Awon kyauta ne, amalanken da zai kai ta ba kyauta ba ne, kuma yinin da ta tafi wani ne zai yi dakan.

Wannan "wani" shi ne inda maganar ta dawo fadarmu. A jihar Zinder aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, don an gane cewa izinin zuwa awo da kuɗin injin niƙa a aljihun namiji suke. Ranar gardamar nan mu takwas ne a kan tabarma, duk majiya ƙarfi, ga amalanken jaki a ƙofar gida babu mai amfani da shi. Washegari ni da ƙanena muka ɗora bido shida muka tafi famfo. Matan da ke layi suka yi ta mana dariya, wata ta tambaye ni ko matan gidanmu sun yi yaji ne. Matar yayana kuwa da muka dawo mun tarar ta riga ta zuba hatsi a turmi, wai ba ta son uwar mijinta ta shigo ta same ta zaune.