Wasan da Mai Gyaran Takalmi Ya Fito da Shi

Ranar da ɗan yayata ya ce in saya masa littattafan Dungeons & Dragons, da na ga farashinsu sai da na dafe kai. Na ce, "Kai yaro, ka san mai gyaran takalmi ne ya kafa wannan wasa?"

Ba zolaya nake ba. Gary Gygax ya rasa aikinsa a wani kamfanin inshora a 1970, ya koma gyaran takalmi a gidansa da ke Lake Geneva, jihar Wisconsin ta Amurka. A 1974 shi da Dave Arneson suka fito da wasan: ƙananan littattafai uku a kwali ɗaya, dala goma, kwafi dubu kacal. Mutum ɗaya yana ba da labari, saura kowa ya ɗauki jarumi guda, ƙwayar ludo mai fuska ashirin ce ke yanke hukunci. A 1981 Tom Moldvay ya tace dokokin cikin shafi 64, kuma ni a ganina har yau ba a yi wanda ya fi shi sauƙin koyo ba.

Kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR, kamfanin da ke buga wasan, a 1997, a 2000 kuma ya ba da izinin kowa ya ari dokokin ya gina nasa. Masu kewar tsohon salo kuwa ba su yi sanya ba wajen fito da nasu wasannin. OSRIC ya fito a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. Old-School Essentials na Gavin Norman shi ne ya fi tsari da kyan bugu, amma aljihu zai ji a jikinsa.

Mu dai Basic Fantasy na Chris Gonnerman muka zaɓa, don kyauta ake sauke shi a intanet. Na kai wa mai fotokwafi a bakin kasuwa, ya buga ya ɗinke da zare, yana tambayata ko littafin jarrabawa ne. Da dare muka baje tabarma, fensir ɗaya muna karɓa-karɓa. Jarumin yaron bai kai minti goma ba ya faɗa rami ya mutu, haka tsohon salon yake, ba ya lallashi. Ya yi shiru, sannan ya miƙo hannu: "Kawu, ba ni wata takardar."