Kunamar Bindiga: Daga Alƙalawa Zuwa Maƙerar Garinmu

Ƴan'uwana ɗalibai, ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa a ƙarƙashin bindiga, Bahaushe kunama ya ce da shi. Wanda ya raɗa sunan ya iya kallo: ga shi a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama, ga shi kuma aikinsu guda, harbi. Ta wannan ƙaramar ƙofa nake so mu leƙa tarihin bindiga a ƙasarmu. Na lura in ana zancen makamai a Adar, a kan tsaya ga wanda ya yi harbi da wanda aka harba, a manta da maƙerin da ya riƙe bindigar da rai shekara da shekaru.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da mayaƙa masu bindiga, waɗanda Turkawa suka horar. A Kano, tarihin sarakunan birnin ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron sarki. Amma bindigar wancan zamani ba abar dogaro ba ce. Ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, a daka, sannan a ja kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe ta ba da tartsatsi. In damina ta jiƙa albarushin, shi ke nan, sanda ce kake riƙe da ita.

Duk wanda ya karanta tarihin Gobir ya san labarin da ake bayarwa na Sarki Yunfa da Shehu Usmanu a Alƙalawa: wai sarki ya ɗana bindiga zai harbi Shehu, sai wutar ta dawo ta ƙone shi. Malamai suna da fassararsu a kan wannan, maƙera ma suna da tasu, don sun san halin irin waɗannan bindigogi. Abin da ba a gardama a kai shi ne, a yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, can yamma da Ƙwanni, maharba masu kwari da baka ne suka karya dawakin Gobir. A Damagaram ne aka ɗauki sha'anin da gaske daga baya. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin birninsa.

To, a daidai wannan lokaci can wata duniya abubuwa suna gudu. A Amurka an fito da bindigar Henry a 1860, sannan Winchester a 1866 da 1873. Waɗannan suna da wani hannun ƙarfe da ya zagaye kunama. Ka tura shi ƙasa ka maido, ya fid da kwanson da aka harba, ya sa sabon harsashi, ya ɗana bindigar, duk a motsi guda. Harsasan suna jere cikin wani bututu a ƙarƙashin bakin bindigar, fiye da goma. Sojan Turkiyya sun yi wa na Rasha ɓarna da Winchester a Filebna a 1877. Faransa kuwa ta yi Gras a 1874, ta yi Lebel a 1886, mai ɗaukar harsashi 8 a bututunta, albarushinta kuma ba ya tada hayaƙin da zai tona inda maharbi yake.

Me ya hana kakanninmu samun irin waɗannan da yawa? Tsada tana ciki, nisa da bakin teku yana ciki, sannan akwai doka. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Burusal, wadda ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a wani makeken yanki da ya haɗa da mafi yawan ƙasarmu. An ce don a kashe cinikin bayi ne. Abin da aka bari a kasuwa shi ne tsohuwar mai ƙanƙara da albarushinta, irin wadda masana'antun Bamingam a Ingila da Liyaj a Beljiyam suke yi don ciniki da Afirka. Shekara tara bayan haka rundunar Bule da Shanuwan ta ratso ƙasar nan. A watan Afrilu na 1899 suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙwanni suka yi kisan da har yau ake ambato. Mutanen Ƙwanni ba ragwaye ba ne. Kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya, wanda ke gabansa ya yi harbi da dama. Haka aka sake gani a Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 gaban bindigar Maxim ta Ingilishi.

Nan ne maƙeri ya shigo. Da yake sabuwa ba ta samuwa, sai tsohuwa ta zama gado, uba ya bar wa ɗa. Katako ya tsage, a sassaƙa wani. Ƙarfen da ke tura guduma ya mutu, a ƙera wani. Kunama ta cinye, a yi mata sabuwa. Har ta kai wata bindigar babu abin da ya rage na asali a jikinta sai suna. Daga gyara aka kai ga ƙira gaba ɗaya, ita ce wadda muke kira adaka ko harbi-ruga, ta mafarauta da ta bukin salla da tarbon sarki.

Na taɓa zama da wani tsohon maƙeri a nan Badagishiri, wanda ubansa ya yi wannan gyara, ko da yake shi yanzu hauya da galma da lauje ne aikinsa. Na tambaye shi wane ɓangare ne ya fi wuya. Ya ce, “Yaro, kunama mana. Wani ɗan haƙori na riƙe da gudumar. In yac cinye, ko jaki ya yi tuntuɓe da kai sai ta tashi.” Ya ce mafarauta kan zo su ce a sassauta musu ita don hannu ya daina rawa, baban nasa kuwa sai ya ƙi. Wai ya kan ce musu, “Mi kake gaggawa? Zomon in ya tsere gobe shina nan. Ƙafar ɗanka fa?”

Abin mamaki, wannan gardama ita ce ake yi yau a Amurka. Masu Winchester da Marlin da Henry suna sayen kunamar da wasu kamfanoni dabam suke ƙerawa, su cire ta asali su sa wannan. Ta masana'anta takan buƙaci jan da ya kai nauyin kilo biyu zuwa uku, ta canjin kuwa ta fi sauƙi sosai, don saiti ya zauna. Su ma masu gyaran bindiga na can gargaɗinsu ɗaya da na baban tsohon nan: in aka wuce iyaka wajen sassautawa, bindiga na iya tashi don ta faɗi ƙasa kawai.

Yau matsalarmu ta wuce adaka. An kafa hukumar tattara haramtattun makamai a Nijar a 1994, an ƙone bindigogi a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 don alamar zaman lafiya. Amma bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka sake malalowa, ga kuma ƴan fashin daji a kan iyakarmu da Sakkwato. Bindigar da suke riƙewa ba ta buƙatar ɗuri, ba ta buƙatar maƙeri, yaro ɗan shekara 15 yana iya koyonta a yini ɗaya. Da, wanda ke son bindiga sai ya bi ta hannun dattijon da zai dube shi, ya san ubansa, ya kuma iya ce masa a'a. Yanzu kuɗi kawai ake tambaya, masu riƙon kuma sa'o'inmu ne.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, a hutun nan kowa ya nemi tsohon maƙeri ko sarkin mafarauta na garinsu, daga Illela zuwa Malbaza zuwa Ƙwanni, ya tafi da biro da takarda. Kada mu tambaye su yadda ake ƙira, wannan ba aikinmu ba ne. Mu tambaye su wa suka gada, wace bindiga ce mafi tsufa da suka taɓa riƙewa, daga ina ta fito, wa suka taɓa hana wa gyara kuma don me. Abin da muka samo sai mu buga shi a fitowa ta gaba, tun waɗannan tsofaffi suna nan da ransu.