Motar Da Ke Durƙusawa: Taƙaitaccen Tarihin Loraida a Amurka

Gabatarwa

A ƙasarmu, duk direban da ya san hanya burinsa shi ne motarsa ta ɗaga daga ƙasa, don kada rami ko tudu ya fasa mata ciki. Saboda haka idan aka ce wa Bahaushe akwai mutanen da ke kashe dukiya don su saukar da mota har ta kusa jan ciki, cewa zai yi abin ya zama wauta. To, akwai su, kuma sun fi shekara saba'in suna yi. Su ne Amurkawa 'yan asalin Meksiko, irin motar tasu kuwa ana kiranta loraida, watau mai tafiya ƙasa-ƙasa. Abin da nake so in nuna wa mai karatu a cikin wannan ɗan rubutu shi ne, na'urar da ke sa motar nan ta durƙusa kamar raƙumi, ta kuma miƙe, wata doka ce ta tilasta aka ƙago ta, kuma tarihinta tarihin jayayya ne a kan wane ne ke da ikon fitowa titi a gan shi.

Asalin al'adar

Kalifoniya ƙasar Meksiko ce har shekarar 1848, lokacin da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta miƙa ta ga Amurka bayan yaƙi. Daga baya kuma juyin juya halin Meksiko na 1910 ya koro dubban mutane zuwa arewa. Da yawa daga cikinsu suka zauna a gabashin birnin Los Anjalis, suna aikin gona da na reluwe da na masana'antu. 'Ya'yansu sun taso a tsakanin harsuna biyu, ga talauci, ga raini. Samarinsu suka tsiri wani irin ado na doguwar kwat da wando mai faɗi, ana kiran masu sa shi pachuco. A watan Yunin 1943 sojojin ruwa suka yi kwanaki suna bin samarin nan a titunan birnin, suna dukansu, suna yayyaga musu tufafi. Tun daga nan ya bayyana cewa adon ɗan Meksiko a bainar jama'a abu ne da wasu ba su so su gani.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, samari da yawa suka dawo gida da sanin kanikanci, suka sami aiki da ɗan abin hannu. Tsofaffin motocin Chevrolet kuwa suna da araha, kayan gyaransu ba sa wuya. 'Ya'yan Turawa sukan sayi tsohuwar mota su rage mata nauyi, su ƙara wa injinta ƙarfi, su tafi busassun tafkuna su yi tsere. Samarin Meksiko sai suka ɗauki wata hanya dabam. Takensu shi ne, a yi ƙasa, a tafi sannu. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah zai gane nufinsu, domin mai dokin da ya sha ado ba ya sukuwa a tsakiyar gari, takawa yake sa shi yi ɗaiɗai don a ƙare masa kallo.

Dabarun farko masu sauƙi ne. Wani ya loda buhunan yashi ko na siminti a but. Wani ya yanke zobe ɗaya ko biyu daga sifirin, ko ya gasa shi da wutar walda har ya lafa. Wani kuma ya cusa guntun ƙarfe tsakanin sifirin na baya da sandar da ke riƙe tayoyi. Aibin dukkan dabarun nan ɗaya ne: motar da aka saukar ta sauka ke nan, ba ta da halin tashi.

Doka da maganinta

A shekarar 1958 jihar Kalifoniya ta kafa sashe na 24008 a cikin dokokin motocinta. Sashen ya haramta tuƙa motar da aka gyara har wani ɓangare na jikinta ya yi ƙasa da gindin ƙarfen taya. Hujjar hukuma ita ce tsaron rai, domin idan taya ta fashe cikin motar zai daki kwalta. Masu loraida kuwa sun ɗauki dokar a matsayin sandar da aka miƙa wa ɗan sanda don ya tare su duk lokacin da ya ga dama.

Bahaushe ya ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mutumin da aka fi ambata wajen samo mafita shi ne Ron Aguirre, wanda a 1959 ya fito da wata Corvette ƙirar 1956 da ya raɗa wa suna X-Sonic. Ya sa mata famfon mai irin na jirgin sama, daga cikin rarar kayan soja da ake sayarwa da araha a kudancin Kalifoniya. Aikin na'urar daidai yake da na tifa sa'ad da take ɗaga bodinta ta juye yashi. Batir na juya famfo, famfo na tura mai cikin wani bututun ƙarfe da ke bisa sifirin, sai sandar da ke cikin bututun ta fito ta ɗaga motar. In an buɗe wa man hanya ya koma tanki, sai motar ta sauka. Direba yana zaune zai taɓa makunni. Ya hango ɗan sanda, mota ta miƙe ta cika sharaɗin doka. Ya wuce shi, ta koma ta durƙusa.

A shekarar 1958 ɗin nan dai Chevrolet ya fito da Impala. Ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, daga ƙirar 1958 zuwa ta 1964, giciye yake kamar harafin X, ga but mai faɗi da zai ɗauki famfuna da jerin batura. Shi ya sa Impala ta 1964 ta zama sarauniyar loraida. Da tafiya ta yi nisa sai aka lura cewa in an ƙara yawan batura, mai na shiga da ƙarfin da zai sa gaban mota ya yi tsalle. Abin da aka ƙago don a ɓuya wa hukuma sai ya zama wasa na gasa, har ana auna tsayin tsallen.

Titin Whittier

Al'adar ta bunƙasa ne a hannun ƙungiyoyi. 'Yan gidan Ruelas sun kafa ƙungiyar Dukes a 1962. Jesse Valadez na ƙungiyar Imperials shi ne mai Gypsy Rose, wata Impala ta 1964 da aka lulluɓe da zanen furanni, wadda Amurkawa suka riƙa gani a talabijin daga 1974 a farkon shirin Chico and the Man. Dandalin kowa kuwa shi ne titin Whittier, inda ake jerin gwano a daren ƙarshen mako. A kan wannan titi ne aka yi zanga-zangar ranar 29 ga Agustan 1970 ta ƙin yaƙin Biyetnam, ranar da ɗan jarida Ruben Salazar ya rasa ransa a hannun wani jami'in tsaro. Saboda haka titin ya zama wurin da jama'ar ke nuna kansu, ko da mota ko da ƙafa.

A 1977 wasu ɗalibai a birnin San Hose, ciki har da Sonny Madrid, suka kafa mujallar Lowrider, wadda aka yi ta bugawa a takarda har ƙarshen 2019. Amma shahara ba ta kawo sauƙi ba. A 1979 hukuma ta rufe titin Whittier ga masu jerin gwano, tana danganta su da 'yan daba. Garuruwa da dama suka bi sahu, alal misali National City a 1992.

Zuwan iska

Ɗora mota bisa iska tsohuwar dabara ce. Kamfanin General Motors ya sa ta a manyan motocin safa tun 1953, ya sa ta a Cadillac Eldorado Brougham a 1957, Chevrolet kuma ya sayar da irinta a 1958. Manufarsu ita ce taushin tafiya. Sai dai na'urar ta yi ta yoyo, masu saye suka guje ta, bayan 1960 kamfanin ya watsar da ita a ƙananan motoci.

Sai a shekarun 1990 masu gyaran tsofaffin motoci suka farfaɗo da ita, bayan an sami roba mai ƙwari da bawul masu aiki da lantarki. Yadda ake yi shi ne, a cire sifirin a sa wata jakar roba mai kauri a gurbinsa. A but sai a ajiye kwamfireso, ƙanen irin na mai faci, da tankin iska mai cin wajen galan biyar. In an tura iska cikin jaka mota ta tashi, in an sake ta mota ta kwanta har ƙasa. Na'urar iska ta fi ta mai taushi da tsabta, ba ta bukatar tarin batura, kuma ba ta wahalar da ƙashin tsohuwar mota. Ta mai kuwa ta fi ta sauri da ƙarfin tsalle, shi ya sa da yawa daga dattawan harkar ke cewa loraida ta gaskiya ita ce mai famfon mai. Ni a ganina dukkansu 'ya'yan dabara ɗaya ne, watau a bar wa direba ikon zaɓen tsayin motarsa.

Kammalawa

Sannu a hankali abin da aka tsana ya zama abin alfahari. A 1990 gidan tarihi na Smithsonian ya sayi wata loraida daga ƙauyen Chimayo na jihar Sabuwar Meksiko, a 2017 kuma aka shigar da Gypsy Rose cikin kundin motocin tarihi na ƙasa. Al'adar ta ƙetare teku har Japan da Brazil. Daga ƙarshe, a watan Oktoban 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta soke sashe na 24008, ta kuma karɓe wa garuruwa ikon hana jerin gwano, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024.

Darasin da ke nan ga mu ɗaliban al'ada shi ne, kada mu takaita nazarinmu ga waƙa da tatsuniya kaɗai. Jama'ar da aka hana wa baki takan yi magana da tufafinta, da dokinta, da motarta, kuma bakanike a garejinsa yana iya ajiye tarihin mutanensa kamar yadda marubuci ke yi. Allah ya ba mu basirar lura.