Asalin Mota da Yadda Ta Iso Ƙasar Adar

Wanda ya tsaya a bakin kwalta a Badaguishiri ranar kasuwa, ya ga manyan motoci suna haurawa Tawa da simintin Malbaza, wasu suna gangarawa Ƙonni da dabbobi da buhunan albasa, yaran mota suna ta kiran fasinja, zai ɗauka abin nan tun fil'azal yake, alhali kuwa mota tana da salsala sananniya, wadda ya kamata duk mai cin abinci da ita ya sani. Abin da ya fi faranta mini rai a cikin wannan salsala shi ne, ba a fadar wani sarki aka haifi mota ba, a maƙera aka haife ta, a hannun masu sana'a waɗanda wuta ta ƙona musu yatsu.

Ma'abota tarihi sun yi saɓani a kan wanda ya fara. Faransawa suna kafa hujja da wani injiniyan soja, Nicolas Cugnot, wanda a 1769 ya ƙera amalanke mai ƙafa uku da ƙatuwar tukunyar tururi a gaba, domin jan igwa. Amma tafiyarsa ba ta wuce ta mai tafiya da ƙafa ba, kuma ba ya daɗewa sai ya tsaya a sake haɗa masa wuta. Jamusawa kuwa suka ce Carl Benz ne, mutumin Mannheim, wanda ya shigar da takardar neman mallakar ƙirarsa ranar 29 ga Janairu 1886. Ni dai maganar Jamusawa ta fi rinjaye a wurina, domin amalanken Cugnot bai bar zuriya ba, yana can ajiye a gidan tarihi a Paris, amma duk motar da ke shan fetur a yau, in aka bi nasabarta, ga injin Benz da na tsararrakinsa take komawa.

Shi Benz maraya ne. Ubansa direban jirgin ƙasa ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara biyu, kakanninsa kuma maƙeran ƙauye ne. Ya yi shekaru yana fama da talauci da dariyar maƙwabta, har ya fitar da wani keke mai ƙafa uku, wanda ƙarfinsa bai kai na doki guda ba, gudunsa kuma bai wuce kilomita 16 a awa ba. Mutane suka zo suka kalla, suka watse, ba mai saye. A nan ne labarin ya koma hannun matarsa Bertha, wadda tun kafin aurensu ta zuba dukiyar da iyayenta suka tanadar mata a cikin sana'arsa. Wata asuba a watan Agusta 1888, maigida yana barci, ta tashi 'ya'yanta biyu, Eugen da Richard, suka tura motar a hankali har suka yi nisa da gida kafin su tayar da inji, suka nufi Pforzheim, garin mahaifiyarta, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Ba gidan mai a duniya a lokacin, don haka da mai ya ƙare a Wiesloch sai ta shiga kantin magani ta sayi wani ruwan goge dauɗar tufa, ta ɗura. Bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta zuge shi; birki ya cinye, ta tsaya wurin wani baduku ya lanƙwasa masa fata; inda tudu ya fi ƙarfin inji, samarin suka sauka suka tura. Da magariba suka isa, ta aika wa mijinta saƙon telegiram. Shari'a ba za ta yaba wa mace ta fita ba da izinin miji ba, amma wallahi ƙarfin halin baiwar Allahn nan abin jinjinawa ne, domin a yini guda ta tabbatar wa duniya abin da mai ƙirar kansa yake shakka.

A waccan shekara ta 1886 ɗin, Gottlieb Daimler, wanda ya koyi ƙirar bindiga tun yana yaro, shi da amininsa Wilhelm Maybach suka ɗora inji a kan keken doki mai ƙafa huɗu a Cannstatt. Injin Daimler ne ya ƙetara Faransa, ya faɗa hannun Armand Peugeot, ɗan gidan da suka shahara da ƙirar zarto da injin niƙa kofi, wanda ya fitar da motarsa mai fetur a 1890. Zakin da ake gani a goshin Peugeot kuwa ya girmi mota, tambarin zartonsu ne tun asali. A Amurka Henry Ford, ɗan manomi mai gyaran agogo, ya fito da Model T a 1908, ya sa talaka ma ya hau.

Zuwanta ƙasarmu kuwa, galibin littattafan Faransawa suna danganta shi da André Citroën. Shi ne ya aika motoci biyar masu taya a gaba da ɗamarar roba a baya, suka tashi daga Touggourt a Disamba 1922, suka keta Sahara suka shiga Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Sa'an nan a Oktoba 1924 ya sake tayar da ayarin motoci takwas daga Colomb-Béchar, da Haardt da Audouin-Dubreuil a matsayin madugai, suka biyo bakin Kwara zuwa Yamai, suka karkata gabas ta Tasawa, suka isa Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulki a zamanin, suka wuce Tafkin Chadi. Wasu suna ɗauka wannan ayari ne ya fara nuna wa mutanenmu mota. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne, fataken Ƙonni da Adar, waɗanda ba sa rabuwa da Sakkwato da Kano, sun riga sun gan ta a can, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 yana sauke kayan Turawa. Allah shi ne masani.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Manyan motocin Berliet, na gidan Marius Berliet ɗan masaƙan Lyon, suka karɓe lodi daga raƙuma, Peugeot 404 mai tamfal ta zama jakin kasuwanni, aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ma'adinin Arlit ya sa aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa arewa. Daga baya motocin Japan suka cika tasha, yawancinsu kwance daga Turai ta Kwatano, kuma abin takaici, mu da muke da maƙera a kowace unguwa, har yau a gyaran abin da wani ya gama da shi muka tsaya.