Dogo, Sule da Sikeli: Yadda Cinikinmu Ya Juya Kudu

Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da hoton dalar gyaɗa ta Kano a jikin kalanda da littattafan makaranta, muna kallonsa a matsayin shaidar arzikin iyayenmu. Ba laifi ba ne mu yi alfahari da guminsu. Sai dai ya kamata mu da muke zaune a Legas, Abuja, Kaduna da Fatakwal mu tambayi kanmu: wa ya yanke wa wannan gyaɗa farashi, kuma ina ribarta ta kwana?

Kafin zuwan Turawa, fuskar cinikin ƙasar nan arewa take kallo. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamus da Agadas ya sauke a Kano, fatakenmu kuma su bi madugu zuwa Gwanja ɗauko goro. Abin lura shi ne, kayan da muke fitarwa a lokacin sarrafaffu ne. Audugar da aka noma a nan, mata suka kaɗa, masaƙa suka saƙa, marina suka tsoma a karofi, mabuga suka buge, ita ce ta zama turkuɗi da kore da Buzaye ke saye da tsada. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke sayarwa waje a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba. Jemammiyar fatar jar akuyarmu kuwa har Turai take kaiwa, ko da yake can da sunan fatar Maroko aka san ta.

Sauyin ya faro ne daga bakin teku. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin Kwara a 1879, ya saye na Faransa da ke gasa da shi, sannan bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya samu takardar izinin sarauniya a 1886. Daga nan kamfaninsa, Royal Niger Company, ya zama ɗan kasuwa kuma hukuma: yana da soja, yana da kotu, yana karɓar kuɗin fito daga abokan gasarsa. Mutanen Nembe da aka toshe wa kasuwanninsu na gado sun kai wa hedkwatarsa ta Akasa hari a 1895, aka mayar musu da martani da jiragen yaƙi. Kafin su, a 1887, an kama Sarki Jaja na Opobo aka kai shi gudun hijira, babban laifinsa kuwa shi ne ya ƙi bari Turawa su tsallake shi su sayi manja kai tsaye. Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin a 1900, diyyar fam 865,000 ta biya shi.

Kano ta faɗi a 1903, amma bindiga ƙofa kawai ta buɗe. Abubuwa uku ne suka yi sauran aikin.

Na farko kuɗi. An hana shigo da wuri, aka kawo sule da kwabo da anini, aka kuma matsa a riƙa biyan haraji da jangali da su. Manomin da a da yake iya sauke nauyinsa da hatsi ko ƙyalle, yanzu dole ya nemi abin da kanti ke saye. Na biyu dogo. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, daidai lokacin da mamayar Italiya a Tarabulus ta ƙara durƙusar da ayarin hamada. Tafiyar watanni a bayan raƙumi ta koma ta kwanaki zuwa Ikko. Jirgin da ya sauka da amfanin gona shi ne ya hauro da atamfa da akoko na Mancesta, ya ajiye su gab da rumfar masaƙi.

A nan akwai abin da ya dace mu yaba wa kakanninmu. Turawa auduga suka so, domin masaƙun Lankasha; ƙungiyarsu ta noman auduga da aka kafa a 1902 ta zuba ido tana jiran Kano. Manoma suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature biyan kuɗi mai kyau a kan auduga, gyaɗa kuwa tana gyara ƙasa, ana cin ta in fari ya zo, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Tsofaffin fataken goro suka shiga ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri kafin kaka. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai kimanin tan 19,000, alhali kafin dogo 'yan dubbai kaɗan ce.

Na ukun shi ne sikeli, kuma a nan gizo ke saƙar. Manomi na sayar wa ɗan baranda, ɗan baranda ya kai wa babban dillali ko Bakwara, shi kuma ya miƙa wa kamfani. Ko attajiri irin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, ya daɗe a matsayin mai saya wa kamfanin Turawa. Jirgin ruwa nasu ne, banki nasu ne, injin matse mai yana Turai. A 1929 manyan kamfanonin suka narke cikin UAC, su da irin su John Holt kan yi yarjejeniya a tsakaninsu kan farashi da rabon kasuwa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a shekarun 1930, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji bai sauko daidai da shi ba.

Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe sayen da kanta, a 1949 kuma aka kafa hukumar sayen gyaɗa. An ce don a kare manomi daga hawa da saukar farashi ne. A aikace ana biyansa ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ana ajiye kaso mai yawa nata a Landan. Ita kanta dalar da muke tunƙaho da ita, mai ɗauke da buhu wajen 15,000, ta yawaita ne saboda jirgin ƙasa ya gaza kwashe kayan a kan kari.

Adalci ne mu faɗi cewa bayan 1954 hukumar ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, kuma da rarar aka yi ayyuka, ciki har da masaƙar Kaduna ta 1957. Amma tsarin tatsar manomi bai canja ba don mai riƙe da sikelin ya zama ɗan gida. Farin 1972 zuwa 1973, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur, suka rufe babin. A 1986 aka rushe hukumomin baki ɗaya.

Duk wanda ya je gida da kaka a 'yan shekarun nan ya ga tireloli a bakin kasuwa suna lodin riɗi da zoɓorodo. Riɗin Sin da Japan da Turkiyya yake tafiya, zoɓorodon kuma galibi Meziko, akasarinsu ɗanye kamar yadda gyaɗa ta tafi. Dillalin da ke bin gonaki da kuɗin kafin kaka sau da yawa ƙanen ɗayanmu ne, farashin da zai saya kuwa ta waya ake aiko masa daga Legas.